Littafin Injiniya da Lambatun Gangare

Ku matso kusa, samari, ku ba ni aron kunnuwanku kafin Asabar ta zo. Ni ne Idi, wanda kuke kira Baba Shebur, har wasunku ba su san ina da wani suna ba. Shekara talatin da 'yan kai ina yasar kwalbati da lambatu tsakanin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma ban taɓa kwana uku a jere a waje ba, don ni mutum ne mai son tabarmarsa. Karatuna na allo ne, sai ɗan bokon yaƙi da jahilci da nake rubuta wannan da shi. An yi shela cewa ran Asabar za a yi gayya a faɗaɗa lambatun da ya ratsa unguwarmu ta Gangare, an kuma ce in zo in ja gaba. Unguwar nan ruwa ya taɓa cin ta sau ɗaya, da shebur ɗina a cikin laifin. Labarin ke nan da nake so ku ji.

Jiya Nura, shugaban ƙungiyar matasanmu, ya tsaya a ƙofar gidana da babur ɗinsa, ko kashe shi bai yi ba. Ya ce, "Baba, aikin nan fa ba wani abu ba ne. Yashi ne, a kwashe a zubar. In rami ya yi faɗi, ruwa ya wuce."

Na ce, "Haka ne, ɗana. Tuƙa tuwo ma ba wani abu ba ne, gari ne da ruwa. Shiga ka tuƙa mana na rana."

Ya yi dariya ya ja babur ɗinsa. Ban ga laifinsa ba, ni ma da wannan tunanin na shiga sana'ar.

Aikina na farko wata kwalbati ce a kan hanyar Gumel zuwa Maigatari, wadda yashi ya cika har kare ba ya iya ratsawa. Aka ba ni shebur mai guntuwar ƙota, da diga, da kwanon sarki. Guntuwar ƙota ita ce ta cikin kwalbati, don a durƙushe ake aiki, wani wuri ma a kwance, doguwa sai dai ta yi ta dukan rufi. Kana shiga da ciki kamar damo, ka cika kwano ka turo shi baya da ƙafa, na waje ya ja da igiya. Kafin ka sa hannu sai ka fara tura sanda, domin kunama da kububuwa su ma haya suke yi a ciki, kuma ba sa son baƙo. Ran nan na fito gwiwoyina duk sun saɓule, na ce wa kaina gobe ba ni ba wannan aiki. Da gari ya waye sai ga ni na dawo.

A wurin na fara ganin Injiniya Lawan, mai kula da mu daga ofishin ayyuka. Mutumin wajen Haɗejiya ne, a bakin kogi aka haife shi, siriri, ga tabarau mai kauri. A bayan motarsa akwai akwatin ƙarfe, mu leburori muna zaton kayan abinci ne. Ashe littattafai ne guda uku na Turanci, kowanne ya kai tubali nauyi, duk a kan ruwa kawai: yadda kogi yake gudu, yadda yake murɗawa, yadda yake ɗaukar yashi da yadda yake ajiye shi. Muka yi ta yi masa dariya a bayan ido. Ƙasar da babu kogi, sai jigawa da ƙaya, wa ya aike shi da littafin kogi?

Wata rana ya ji mu. Bai yi fushi ba, ya ce, "Ku ne ba ku da kogi wata tara. Wata uku kuna da shi, kuma naku ya fi namu mugunta, don namu ya san hanyarsa, naku kullum sabuwa yake nema."

Wani aiki a Sule Tankarkar shi ya haɗa ni da shi sosai. Ruwa ya tare mu da hantsi, muka fake a wata rumfa kusa da lambatu. Ina zaune sai na ce, ba da kowa nake ba, "Ruwan nan da kaya yake tafe." Injiniya ya juyo ya ce ta yaya na sani, ga shi ko leƙawa ban yi ba. Na ce ji na yi. Ruwa mara yashi sululu yake tafiya, muryarsa sake. Mai yashi kuwa wani shuu yake yi a ƙasa-ƙasa, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Ya tashi ya shiga ruwan nan da takalminsa, ya cika kwalba, ya dawo ya ajiye ta a gabanmu. Kafin mu gama cin gyaɗar da ke hannunmu, yashi ya kwanta a gindin kwalbar ya kai kaurin yatsa biyu.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Idi, ni sai da na yi shekaru a makaranta kafin in san abin da kunnenka ya faɗa maka kyauta."

Tun daga ranar, in an tashi aiki, sai ya buɗe babban littafin a kan murfin mota ya kira ni. Rubutun ban san kansa ba, lissafi ne da wasu haruffa masu ƙugiya kamar sawun kaza. Amma akwai zane. Ya nuna mini wani shafi da aka zana ruwa yana nannaɗewa kamar 'yan ƙananan guguwa, ga ɗige-ɗigen yashi a rataye a cikinsu. Ya ce in tuna kunun tsamiya. Muddin ana damawa, gari yana sama. Ka ajiye ludayi, ya koma gindi. Wannan murɗawar da ruwa mai gudu yake yi ita ce ludayinsa. Ka rage masa gudu, ka ƙwace ludayin, duk yashin da ya ɗauko daga gonaki a nan zai sauke maka shi. Kuma babu abin da ke rage wa ruwa gudu kamar a ba shi fili.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato ƙunci ya fi masa?"

Ya ce, "Ƙunci daidai, da gangara daidai. Ruwa kamar jaki ne da kaya. A lungu ba ya tsayawa. Ka kai shi fili, ya kwanta ya yi birgima ya zubar da kayan."

Shi ya koya mini awon gangara da tiyo mai ruwa a ciki da turaku biyu, da yadda ake duba bakin kwalbati bayan ruwa. In ka ga yashi ya yi tudu-tudu kamar haƙarƙari, ruwan ya wuce da ƙarfinsa. In ka gan shi shimfiɗe sumul kamar an share, a nan ruwan ya gaji.

Masu ba mu aiki kuwa kala-kala ne. Akwai wani mai gidan mai a Gagarawa da ya rufe lambatun gabansa da siminti don motoci su ji daɗin shiga, duk damina sai ya aiko a kira ni, yana cewa maƙiya ne suke turo masa ruwa. Akwai 'yan kasuwar Maigatari, waɗanda ba sa tunawa da mu sai ruwa ya kusa buhunan riɗi da zoɓo, a ranar kuwa har shayi ake saya maka ana ce maka malam. Wani direban Damagaram da motarsa ta kafe a yashin bakin kwalbati ya taɓa ce mini, "Ɗan'uwa, fidda mini kamiyo, babbar motar nan tawa, in kai ka Makka." Na fidda shi. Har yau ina jiran kujerar.

Lambatun Gangare Injiniya Lawan ne ya gina shi, ni na yi masa awo. Bari in zana muku wurin, don wanda bai sani ba. Ruwa yana gangarowa daga gonakin tudu ta arewa, ya shiga lambatu, ya ratsa tsakiyar unguwa, ya kurɗa ta kwalbatin da ke ƙarƙashin titi, ya faɗa kududdufi a ƙetare. Titin ya fi unguwar tudu. In kwalbatin ta toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai ɗakunanmu. Injiniya ya yi lambatun matsattse, da dutse da siminti, faɗinsa bai fi a tsallake da taki ɗaya mai kyau ba. In an yi ruwa mai yawa sai ya cika taf yana ruri, yana ɗan fantsalowa gefe, abin tsoro a ido. Amma shekara da shekaru kwalbatin nan ko sau ɗaya ba ta toshe ba. Ruwan da kansa yake share ta.

Sai Injiniya ya yi ritaya ya koma garinsu. A daminar da ta biyo baya ruwan lambatu ya ja akuyar wani, ya kuma kusa jan wata mata da ta zame. Da rani ya yi, Mai unguwa Garba, Allah ya jiƙansa, ya tara mu a ƙofar gidansa. Ya ce lambatun ya yi wa ruwan kaɗan, kowa ya gani da idonsa, a yi gayya a fasa gefe ɗaya a faɗaɗa shi ninki uku, daga tsakiyar unguwa har bakin kwalbati.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Injiniya ya ce in aka ba ruwa fili..."

Wani daga baya ya ce, "Injiniya yana Haɗejiya yana cin kifi, mu muke kwana da ruwan."

Aka yi dariya. Mai unguwa ya ce, "Idi, kai ne gwaninmu. Duk ƙasar nan wa ya kai ka sanin ruwa? Kai za ka ja gaba."

Kun san gayya. Mata sun dama fura da kunu tun safe, mai gangi ya zo, ana kiran sunan kowa da na ubansa. Da aka zo kaina sai makaɗin ya ce Idi na Kande, angon ruwa, mai shiga inda maciji ke tsoro. Kande gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, ita ta raine ni, ɗakinta na uku daga bakin kwalbati. Tana tsaye da ludayi tana guɗa. Na ɗaga diga na fasa dutsen farko. Kafin azahar mun rushe abin da Injiniya ya yi wata biyu yana ginawa. Wurin ya yi faɗi, ya yi kyau, har ana cewa a iya shanya dawa a ciki.

Ruwan farko ya zo ya wuce a hankali, ko ƙwauri bai kai ba. Mutane suka fito suna sa mini albarka. Ni kuwa ina tsaye a baki ina saurare. Daga sama, inda ba mu taɓa ba, ina jin shuu ɗin nan na gero. Yana isowa inda muka faɗaɗa sai ya yi tsit. Washegari na je na tarar da yashi shimfiɗe sumul a bakin kwalbati, ya kai tsawon hannu. Na kwashe ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. Aka sake ruwa, na sake kwashewa. Na ce a raina haka zan yi ta yi har damina ta fita, in ya so da rani in san dabarar da zan faɗa wa Mai unguwa.

Damina ba ta jira ni ba. Cikin watan marka aka yi kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, na uku ya faɗo ran Alhamis, ina Maigatari ina buɗe wa 'yan kasuwa hanya. Na taso bayan azahar. Tun daga kan titi na ga kududdufin ƙetare bai cika ba, alhali ya kamata a ce yana ambaliya. Na leƙa ɗaya gefen. Babu kwalbati, babu lambatu, ruwa ne ja shimfiɗe har gindin katangu, ba motsi, ba ƙara.

Na ɗaura igiya a ƙugu na ba mutane biyu ɗaya bakin su riƙe, na nutsa da shebur ina laluben bakin kwalbatin. Yashi ya cushe ta dam kamar an danna da taɓarya. Duk shebur ɗaya da na cire, biyu ke zubowa. Ina cikin haka na fara jin ƙarar da ba na mantawa, ba ta ruwa ba, ta katangar ƙasa in ta jiƙa ta zauna: wani tim mai nauyi, sannan kururuwa. Kafin la'asar ta yi sanyi an yi wannan tim ɗin ya fi a ƙirga. Sai da muka fasa gefen titi da diga ruwan ya samu hanya.

Rumbuna sun zube da sauran geron bara a ciki. Ɗakin Gwaggo Kande ya faɗo mata tana ƙoƙarin fidda buhun wakenta. A kan ƙyauren ƙofa muka ɗauke ta zuwa titi. Ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba, ana cikin yankan gero Allah ya yi mata cikawa. Gidaje da dama suka tashi, wasu Gumel, wasu Kano, har yau kangonsu na nan ana ɗaure awaki. Mutane suka ce ruwan bana ne ya yi yawa, ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ban musa ba. Amma an yi ruwan da ya fi shi a shekarun baya, kwalbatin ta shanye.

Bayan sadakar arba'in na shiga mota na je wurin Injiniya. Na same shi a zaure, idanunsa sun yi fari, da murya ya gane ni. Na ba shi labari tun daga taron ƙofar Mai unguwa. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Ruwan farko, ka saurare shi?"

Na ce, "Na saurara, ranka ya daɗe."

"Ya yi shiru?"

"Ya yi."

"Ran gayyar fa, ka san zai yi?"

Na ce, "Na sani. Ana kiɗa ne, ana yi mini kirari."

Sai ya sa aka ɗauko masa babban littafin, ya shafa bangonsa ya miƙo mini. Ya ce, "Ni ga karatu ba ido, kai ga kunne ba karatu. Tafi da shi. Wata rana za a samu mai duka biyun a unguwarku, ka ba shi." Ya kuma faɗa mini awon da za a mayar da lambatun, na haddace a hanya kamar karatun allo. Da rani muka mayar da shi yadda yake. Shekara biyu bayan nan aka aiko mini da rasuwarsa.

Littafin yana cikin akwatin matata Hajara, a naɗe cikin zane, tana sa masa ganyen darbejiya saboda gara. Wani lokaci in buɗe in kalli zanen. Ita kuma ta ce, "Malam, kai da littafin nan kamar kurma da rediyo."

Yanzu ga inda muke. Daminar bara ruwa ya ɗan haura lambatun ya shiga zauruka biyu. Dalilin a fili yake: leda da shara sun cika shi, sannan masu gonakin tudu sun tumɓuke gamba da jema da ke riƙe ƙasa, sun nome har bakin hanyar ruwa, yashin da ke saukowa ya ƙaru. Amma yawancin masu ƙarfin ɗaga diga a yau ba su yi wayo ba a waccan shekarar. Abin da suka gani shi ne lambatu ya cika, don haka ya yi kaɗan.

Na ɗauki littafin na kai wa Nura, tunda ya yi karatu har gaba da sakandare. Ya juya shafi uku, ya ce, "Baba, wannan na manyan kogunan Turawa ne, ina ruwansa da lambatun Gangare?" Na kai wa wani malamin lissafi a Gumel, mutumin kirki, ya ba ni kujera. Ya duba ya duba, ya ce haruffan ya san su, amma maganar ta masu karatun ruwa ce, ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce akwai masu irin wannan ilmi a manyan makarantu. Na tambaye shi ko suna zuwa ƙauye. Ya yi murmushi kawai.

Na je wurin Mai unguwa Sani, ɗan marigayi Garba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kada a faɗaɗa. A yashe shi kawai, a haƙa rami a can sama kafin shiga unguwa inda ruwa zai sauke yashinsa mu riƙa kwashewa, a mayar da gamba bakin gonaki."

Ya ce, "Baba Idi, maganarka gaskiya ce wataƙila. Amma wa zai ba da bakin gonarsa a dasa ciyawa? Kuma jama'a sun riga sun yanke. In na hana, ruwa ya shiga gidan wani bana, sunana za a kira. Ka zo dai ka nuna musu inda za su sara, kada su yi ɓarna."

A nan maganar ta tsaya. In na je, za a ce Baba Shebur ma yana wurin, aikin ya samu hatimi. In na ƙi, ba fasawa za su yi ba, za su sara yadda suka ga dama, wataƙila har su taɓa gindin kwalbatin, kuma a ce tsoho ya ƙi jama'a. A inda ɗakin Gwaggo Kande yake a da, yanzu 'yata Rabi ce ke aure, da goyo a bayanta, ginin kuma na ƙasa ne.

Kai da ka karanta wannan, ko a Gangare kake ko a wani gari mai lambatu irin namu, na san ka fi ni boko. In kai ne ni, ran Asabar da safe, shebur za ka ɗauka ka bi su, ko kuwa za ka je ka zauna a cikin lambatun ka ce sai dai su fara sara ta kanka?